Shin kare daji zai yiwu ba tare da an toshe wa talakan karkara hanyar abinci ba?

Wani malamin makaranta da ke koyarwa a wani ƙauye na bakin daji ya aiko da tambaya. Ya ce hukuma ta hana saran itace da ƙona gawayi a yankinsu, alhali yawancin iyayen ɗalibansa da itacen nan suke fita rani: wasu 'yan faskare ne, wasu 'yan gawayi, wasu masassaƙan turmi da ƙota, mata kuma suna tsintar ƙirare da 'ya'yan kaɗanya. Ya ce shi ma da idonsa yana ganin dajin yana ƙarewa, domin wurin da a da yaro ba ya shiga shi kaɗai, yau daga wannan gari ana hango rufin kwanon wancan. Abin da yake so ya sani shi ne ko akwai hanyar da daji zai tsira mutane kuma su ci abinci, ko kuwa dole ne a sadaukar da ɗaya.

Malam, akwai hanya, an bi ta a wurare da dama kuma an ga sakamakonta. Mafarinta shi ne tambayar da manomi yake yi wa kansa duk lokacin da ya tsaya a kan tsiron itace da gatari a hannu: idan na bar wannan ya girma, na wa zai zama? Idan amsar ita ce nasa ne, shi da 'ya'yansa, zai rene shi ko babu wanda ya ba shi ko sisi. Idan amsar ita ce na hukuma ne, kuma ranar da ya taɓa reshensa tara za ta hau kansa, to ko malaman daji dubu aka zuba ba za su hana shi tumɓuke shi tun yana ƙarami ba. A shekarun da na yi ina aiki da manoma a kan itatuwan gona, duk sauran abubuwa, da irin dashe da kuɗin tallafi da taron wayar da kai, na same su a bayan wannan tambaya suke.

Ya kamata a fara sanin girman abin da ake neman raba mutane da shi. Cibiyar binciken dazuzzuka ta duniya da ake kira CIFOR, wadda ke ƙasar Indunusiya, ta bi gidaje kusan 8,000 a ƙasashe 24 masu tasowa, kuma sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na abin da gidajen ke samu daga daji da sauran albarkatun jeji yake fitowa, wato ya kusa kamo abin da suke samu daga amfanin gona. Gidan da ya fi talauci shi ya fi jingina da jeji, domin itacen girki, ganyen miya, magani, ciyawar rufi da abincin awaki duk a can yake samunsu ba tare da ya fitar da kuɗi ba. Saboda haka dokar da ta rufe daji a rana ɗaya daidai take da a ƙwace wa magidanci rubu'in rumbunsa. Sannan ba daidai ba ne a ɗora wa mai damin itace a kai dukkan laifin. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2021 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na dazuzzukan da ake rasawa a duniya faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo ne ke cinye su. Gawayin da ake ƙonawa a ƙauye kuwa a birni ake cinye shi, kuma ɗan gawayi shi ne mai samun mafi ƙanƙantar riba a cikin jerin hannuwan da buhun yake bi. Mun ga yadda aka kwashe madobiya daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sa itacen cikin waɗanda ake taƙaita cinikinsu a 2017, kuma aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya a 2018. Waɗanda suka yi arziki da wannan ciniki masu manyan motoci ne da masu takardun fito.

Misalin da na fi sani, wanda kuma ya fi kusa da mu, shi ne na kudancin Nijar. Tun dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 a ƙasashen da ta mallaka a yammacin Afirka, itace ya zama abin hukuma, kuma dokar da Nijar ta yi a 1974 bayan samun 'yanci ta ci gaba a kan wannan turba. Itatuwa irin su gawo suna cikin jerin waɗanda aka haramta taɓawa, ko da a tsakiyar gonar mutum suke, ko da kakansa ne ya bar su. Niyyar dokar kariya ce, amma dubi yadda manomi ya karanta ta. Gawon da ya girma a gonarsa ya zama dalilin da ma'aikacin gandun daji zai riƙa zuwa, kuma idan wani makiyayi ya datse reshe da dare, mai gonar ne za a kama da safe. Tsiron da bai kai gwiwa ba kuwa babu wanda ya ƙidaya shi. Dabarar da ta rage wa mutum mai hankali ita ce ya share komai tun kafin ya zama itace. A gefe guda malaman gona na wancan zamani suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas domin garmar shanu ta wuce. Da farin shekarun 1970 ya zo, sannan na 1984, sai aka wayi gari gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana ɗebo rairayi tana yanke gero tun yana ɗan tsiro, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ɗaya ta kama.

Amsar da gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka kawo ita ce dashe. An kafa wuraren renon itatuwa, an raba darbejiya da turare a leda, an kewaye filayen gari da waya. Akwai inda abin ya yi, kamar layukan darbejiya masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975, amma a mafi yawan wurare dashen ya mutu, domin ba shi da mai shi: babu wanda zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ya shayar da itacen da ba zai iya sara ba. Wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda a lokacin yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan wahala. A 1983, yana kan hanya da dashe a mota, ya tsaya ya rage iskar taya domin ya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki. Da ya duba ganyen sai ya gane cewa itace ne da aka sare, kututturensa yana raye, saiwarsa tana can ƙasa inda danshi yake, kuma kowace shekara yana tofo ana sake sare shi. Akwai miliyoyin irinsa a gonaki. Dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Aikin kansa ba shi da wuya, kuma manoman Nijar sun raɗa masa suna sassaben zamani. A lokacin sharar gona, maimakon a aske kututturen sabara ko kalgo ko aduwa gaba ɗaya, sai mutum ya durƙusa ya duba tofon da ya fito, wanda kan kai ashirin ko fiye a kututture ɗaya. Ya zaɓi uku zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi, ya cire sauran, sannan ya rage ƙananan rassan waɗanda ya bari har zuwa rabin tsayinsu. Adda ko gatarin ya zama mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage ya bar ciwon da gara za ta shiga. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san wannan yana da mai shi. Da yake saiwar ta riga ta kafu, dukkan ƙarfin da a da yake rabuwa ashirin yanzu 'yan kaɗan yake ciyarwa, shi ya sa a shekara biyu ko uku za ka ga abin da ya fi mutum tsayi. Kowace shekara a sare ɗaya a yi itacen girki ko dirka, a bar sabon tofo ya maye gurbinsa. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, kuma tun shekarar farko uwargida ta samu abin hura wuta daga rassan da aka rage. Wannan samu na farko yana da muhimmanci ƙwarai, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai jin yunwa ba zai jira itacen da sai bayan shekara goma zai amfane shi ba.

Duk da sauƙinsa, mutane ba su rungume shi nan take ba, kuma a nan ne darasin yake. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, an kira su ƙazaman manoma. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa wajen 500,000, amma da rabon ya ƙare sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Abinci ya sa mutane sun bar itace na shekara ɗaya, bai sa sun yarda cewa nasu ba ne. Abin da ya juya al'amarin shi ne lokacin da ma'aikatan gandun daji na yankin suka sassauta, suka daina cin tarar manomi a kan itacen da shi ya rena a gonarsa, kuma waɗanda ba su sare nasu ba suka fara sayar da itace a kasuwa maƙwabta suna gani. Daga baya doka ta biyo sawu: kundin dokokin karkara na 1993, sannan sabuwar dokar gandun daji ta 2004, suka ƙara wa mai gona ƙarfin iko a kan abin da ke cikin gonarsa. Lokacin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij, wani masani ɗan ƙasar Holan, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam da sababbi, sun kiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kimanin itatuwa miliyan 200, kuma an kiyasta ƙarin hatsin da ake samu saboda su ya kai tan 500,000 a shekara. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan farfaɗo bayan shekarun fari, amma ruwa ba ya hana gatari, kuma wannan ya faru ne a jihohin da suka fi ko'ina yawan jama'a a ƙasar, a daidai lokacin da jama'ar take ninkuwa.

Ba zan so a ɗauka cewa baƙo ne ya koya wa Bahaushe darajar itace ba. A Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram, manoma da kansu suka cika gonakinsu da gawo, saboda sun daɗe da sanin halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina ƙarfi, 'ya'yansa kuma ana cika buhu da su a kai kasuwa a sayar wa masu kiwo. A karkarar Kano ma, binciken da Michael Mortimore, wani masani ɗan Birtaniya, da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa gonakin da ke kewaye da birnin, duk da cunkoson jama'a da buƙatar itacen girki, sun riƙe itatuwansu shekara da shekaru. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa halartar rabon gado a ƙauye: ɗorawa da kuka da tsamiya dukiya ce da ake ƙidayawa, ana gadonta, ana jinginar da ita, kuma kowa ya san mai ita. Itacen da ya fi saurin ƙarewa shi ne na jejin da ake cewa na kowa ne, ko na gwamnati, wanda a aikace ma'anarsu ɗaya ce.

To amma tambayarka a kan daji take, kuma daji ya fi gona wuyar sha'ani, domin ba za a yanka shi a raba wa kowa nasa ba. A nan ma Nijar ta gwada wani abu. A 1992 ta yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara. Ƙauyen da ke bakin daji yakan kafa ƙungiya, a shata masa yankinsa, a raba yankin gida-gida ana sara ana juyawa domin wanda aka sare ya samu shekarun farfaɗowa, a kuma ƙayyade yawan abin da za a fitar a shekara. 'Yan garin ne ke saran, su jera itacen a bakin hanya, mai mota daga Maraɗi ko Yamai ya zo ya saya a hannunsu maimakon ya shigo da lebururinsa ya kwashe ya tafi. A wurin ake karɓar haraji, wani kaso ya zauna a garin, kuma itacen da aka saro daga dajin da ba shi da tsari harajinsa ya fi tsada. Dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi yana cikin wuraren da aka bi wannan tsari. Ba zan ce ya tafi sumul ba. Inda sa ido a kan hanya ya yi rauni, itacen sata ya karya farashin na halal, wasu ƙungiyoyin sun wuce adadin da aka yanka musu, wasu kuma 'yan tsiraru sun mamaye asusun. Duk da haka kuɗin da a da yake tafiya birni gaba ɗaya ya fara tsayawa a ƙauye, kuma mai saran itace ya samu dalilin korar ɓarawon daji. Ƙasar Nefal ta bi irin wannan hanya a babban mataki. Ta mayar da dazuzzuka hannun gwamnati a 1957, tsaunuka suka ci gaba da tsiraicewa, sannan dokar 1993 ta miƙa su ga ƙungiyoyin masu amfani da su, waɗanda yanzu sun haura 22,000. Wani bincike na hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa daji ya tashi daga kimanin kashi 26 cikin 100 na faɗin ƙasar a 1992 zuwa kusan kashi 45 a 2016, ko da yake fitar matasa ci-rani zuwa ƙasashen waje ita ma ta rage wa dajin nauyi.

Akwai wani abu da masu yabon wannan hanya kan tsallake, kuma ni shi ya fi damuna. Duk lokacin da itace ya samu mai shi, akwai wanda ya rasa. Matar da ba ta da gona, wadda a da take tsintar itace a ko'ina, yanzu sai ta roƙa ko ta saya. Makiyayin da ya saba datse wa shanunsa reshen gawo a ƙarshen rani yanzu ɓarawo ake kiransa, alhali kakanninsa sun bi wannan burtali tun kafin a sari gonar. A Nefal ma an ga yadda maƙera, waɗanda sana'arsu ba ta yiwuwa sai da gawayi, suka shiga matsi a inda masu hali suka rubuta ƙa'idojin ƙungiya su kaɗai. Ƙauyukan da suka yi dabara, irin Ɗan Saga na yankin Agye, sun sa mata da makiyaya a cikin kwamitin da ke tsara ƙa'ida da yanke tara, domin mutum ya fi kiyaye dokar da aka yi da bakinsa a ciki. Idan aka bar Bafulatani a waje, to an shuka rigimar da za ta ci itatuwan da mutanen gaba ɗaya. Korar mutane daga daji da sunan kare shi kuwa ta fi kowace hanya muni. Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta yanke hukunci a 2017 cewa Kenya ta tauye haƙƙin al'ummar Ogiek da ta kora daga dajin Mau, kuma ba ta yarda da hujjar cewa su ne suka lalata shi ba. Mu ma mun ga abin da dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku suka zama bayan da aka bar su da suna kawai a takarda, babu isassun ma'aikatan da ke kula da su, kuma mutanen kewaye ba su da ikon cewa komai a kansu.

Saboda haka, Malam, da ni ne a garinku ba zan ɓata ƙarfi wajen neman a janye dokar kawai ba, domin idan an janye ta aka koma yadda ake, nan da 'yan shekaru babu abin da za a sara. Abin da za a nema, ta hannun dagaci da hakimi zuwa ƙaramar hukuma da ofishin gandun daji, shi ne yarjejeniya a rubuce mai sa hannun kowa, wadda ta ce itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne ya sara ya sayar ba tare da takarda ba, ta kuma shata wa garin wani yanki na dajin da zai riƙa sara bi da bi a ƙarƙashin kwamitin da ya haɗa da 'yan gawayi, mata masu tsinta da arɗon Fulanin yankin. A rubuta ta, domin alkawarin baki yana tafiya ne tare da ma'aikacin da ya yi shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Itatuwan da ke ciyar da mutane suna tsaye, kaɗanya da ɗorawa da kuka da tsamiya, a fitar da su daga lissafin gawayi gaba ɗaya, tunda kuɗin kaɗe da daddawa da mata ke samu duk shekara ya fi buhunan gawayin da za a samu sau ɗaya. Ƙirya ma, duk da cewa ita ɗan gawayi da maƙeri suka fi so, jinkirin girmanta ya sa dole a ƙidaya abin da za a taɓa. Sabara da kalgo da geza su ne masu jure sara suna sake tofo, su za a dogara da su. Kafin takarda ta fito kuma ba sai an zauna jira ba: sharar gona ta bana ta isa a fara. A samu manoma biyar ko goma waɗanda ake jin maganarsu, kowa ya bar kututture arba'in a hekta ɗaya ta gonar da ke bakin hanyar kasuwa, inda duk mai wucewa zai ga geron da ke ƙarƙashinsu idan damina ta yi nisa.